Abin da Mainasara Ya Sauke Daga Kan Keke

Mainasara mai gyaran keke ne a Kalakla, kudu da Khartoum, kuma in ka cire gyaran keke da wuya a nuna maka abin da ya taɓa yin nasara a kansa, duk da sunan nan da uwarsa ta ɗora masa. An haife shi a kambo, wato irin ƙauyukan 'yan ƙwadago da ke gefen gonakin auduga a Jazira, can wajen Abu Guta. Kakansa ya taso daga ƙasar Damagaram da niyyar aikin hajji, auduga ta tare shi a hanya, a nan aka binne shi, a nan kuma aka binne ɗansa. Mainasara ya ɗebi auduga har yatsunsa suka tsattsage, sannan ya gudo Omdurman yana saurayi, ya faɗa hannun wani dattijo mai suna Yakubu da ke da rumfar gyaran keke a bayan Kasuwar Libiya.

A wurin Yakubu ya koyi ɗaure wayoyin ƙafa har ƙafar ta miƙe sak, ya koyi gane ciwon keke daga kukansa tun mai shi bai sauka ba. Dattijon yakan ce masa, "Keke ba jaki ba ne. Jaki in ka yi masa yawa tun a gida zai kwanta. Keke kuwa sai ya kai ka inda babu kowa." Da Mainasara ya yi aure sai ya kafa tasa rumfar a Kalakla, ƙarƙashin wata darbejiya, mutane suka koma kiransa Usta, kamar yadda ake kiran duk wanda ya ƙware a aikin hannu.

Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa: bakinsa bai iya furta a'a ba. Ba tsoro ba ne, ba kuma wauta ba. Kunya ce kawai. Za a ari sifanarsa a ƙi dawowa da ita, gobe a dawo aron famfo ya bayar. Allah da ikonSa sai Ya haɗa shi da Lauratu, 'yar kambonsu, gajera mai kaifin harshe, wadda ke iya ce wa liman a'a tana murmushi, ya tafi yana sa mata albarka.

Inda aikinta ya fi fitowa shi ne lokacin zuwa gida. Mutanen kambo da ke zaune a Khartoum suna da al'ada mai ƙarfi: mai tafiya ba ya sulalewa. Sai ya bi gida gida ya yi sallama, ya nemi gafara, kowa kuma ya ba shi saƙon da zai kai wa nasa. Saƙon nan amana ne, wanda ya ƙi karɓa ko ya yar a hanya, jikokinsa ma sai sun ji a bakin mutane. Duk sanda za su tafi, Lauratu kan tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga kowane ƙunshi da hannu ɗaya. Wanda ya yi mata nauyi sai ta miƙa wa mai shi, ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri 'yar'uwa, mota ce za mu hau, ba raƙumi ba." Shi kuwa gogan yana cikin ɗaki ya ɓuya, wai yana neman hularsa.

Haka suka tsufa tare. Suka aurar da 'yarsu Rahmatu, ciwon suga ya kama Lauratu har ya kai ta ga allura kullum, ita ke soka wa kanta ba tare da ta daina magana ba.

Sai yaƙi ya faɗo wa Khartoum a ƙarshen azumi. Wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, kasuwa ta mutu. Mata da yara na unguwar suka samu wata babbar mota suka nufi kambo, Lauratu a cikinsu da ɗan abin da ya rage mata na magani. Maza suka zauna gadin gidaje, gidajen da babu abin sata a cikinsu sai gado da randa. Mainasara ya ci gaba da fita ƙarƙashin darbejiyarsa, domin da mai ya ɓace sai kowa ya tuna yana da tsohon keke a bayan ɗaki.

Wata rana waya ta kama, ya ji muryar Rahmatu tana yankewa. Maganin Inna ya kusa ƙarewa, an duba ko'ina a kusa babu, ta fara rage abin da take sokawa, ta rame, ba ta ƙoshi da ruwa. Kafin ya tambayi wani abu wayar ta mutu. A ranar ya ji tsoron da bai ji ba ko da ƙarar bindiga.

Ya taka Kalakla da ƙafa da keke yana neman maganin, kantin magani duk a kulle ko a fashe. A ƙarshe aka kwatanta masa gidan wata mai sayar da magani, Ni'mat, wadda ta kwashe abin da ta iya ta kai gida. Ta tsamo masa ƙananan kwalabe daga gindin randa, ta ƙi sakinsu sai da ta dubi idonsa.

"Ya ammi, baffana, ka ji ni da kyau. Wannan maganin zafi ne ke kashe shi. Ka sa shi cikin tukunyar ƙasa, ka naɗe da buhu, buhun kada ya bushe. Kada rana ta gan shi. Shi ke nan abin da na mallaka, in ya lalace babu wani."

"Na ji, ya bitti, 'yata."

"Ruwa ya fi komai. Ka ɗauki ruwa fiye da yadda kake tsammani."

Mota ba ta samuwa, wadda ta samu kuma ba ta da tabbas ɗin wuce shingen masu bindiga. Keke kuwa yana iya barin kwalta ya bi hanyar jakuna. Mainasara ya jawo baƙin kekensa mai ƙarfe biyu a sama, wanda ya girmi Rahmatu, ya kwance shi gaba ɗaya ya sake haɗawa. Ya wanke sarƙa, ya ɗaure birki, ya bi wayoyin ƙafa ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa su da farce yana sauraro.

Ya kamata a faɗi gaskiya: shirin da ya yi, ko Yakubu ne ya tashi daga kabari ba zai gyara masa komai ba. Jarkar ruwa biyu, ɗaya kowane gefen kariya, wato maɗorin kaya na baya, domin nauyi ya daidaita kuma ya zauna ƙasa. Jakar kayan aiki a saman kariya, da tib da taya na canji, da faci da gam, da damin wayoyin ƙafa da makullin ɗaure su. Tabarma da gidan sauro a naɗe a kan keke ta gaba. Dabino, gyaɗa, busasshen burodi, buta, ashana. Tukunyar maganin kuwa ya yi mata shimfiɗa da tsohuwar taya a tsakiyar ƙarfen keken, tsakanin gwiwoyinsa, inda jikinsa zai yi mata inuwa, iska na dukan jiƙaƙƙen buhun, hannunsa kuma na kaiwa ya zuba mata ruwa bai sauka ba. Ya hau ya zaga tsakar gida, keken ko ƙara bai yi ba.

Da ya tsaya nan, da wannan labari bai zama abin bayarwa ba. Ya ma yi tunanin ya fita da asuba ba wanda ya sani. Amma ta yaya mutum zai kama hanyar da ake mutuwa a kanta bai nemi gafarar maƙwabtansa ba? In ajali ya same shi a daji da haƙƙin wani a wuyansa fa? Zumunta a ƙafa take, in ji mutane. Bayan la'asar ya miƙe a masallaci ya ce gobe yana tafiya kambo, wanda ya yi wa laifi ya yafe masa.

Kafin ya isa gida an riga shi. Babu wanda ya zo da mugun nufi, nan ne abin baƙin cikin. Kowa yana da mata ko 'ya'ya a can, kowa bai san halin da suke ciki ba, ga mutum zai je da ƙafarsa. Wannan ya kawo sukari, wancan garin madara, wani takalman yara da aka manta a gaggawar gudu. Kowa yana cewa ɗan abu ne, ba shi da nauyi, kuma kowa da gaskiyarsa in nasa kaɗai ne. Mainasara ya dubi bakin ƙofa, inda Lauratu kan tsaya. Babu kowa a wurin.

Gogo Kubra, tsohuwar da ta ƙi hawa mota ta ce a gidanta za ta mutu, ta zo tana dogara sanda, aka biyo ta da ƙunshin zannuwa da kwanonin da ta tara wa jikarta.

"Gogo, keken ya cika," in ji shi, yana duban ƙasa.

"Waladi, ɗana, ni na yanke wa Rahmatu cibiya. In an fasa gidan nan yarinyar ta tashi a tutar babu. Ka ce mini a'a in ji da kunnena, sai in koma."

Bai ce ba. Ya sauke tabarma da gidan sauro, ya ce wa kansa ai ƙasa ma shimfiɗa ce.

Sannan Dogo ya shigo, maƙwabcinsa na katanga ɗaya, ɗauke da kan keken ɗinki a rungume kamar jariri. Na 'yarsa ne, mijinta ya ɓace tun farkon yaƙin, tana can da yara babu abin yi.

"Usta, wallahi na san na yi maka yawa. Amma da wannan za ta ci abinci, ita da marayun nan. In ba kai ba, wa?"

Mainasara ya ɗaga shi ya ji nauyinsa. Shi fa mai gyaran keke ne, ya san abin da ƙafar baya ke iya ɗauka kamar yadda ya san sunansa. A'a ta taso masa har haƙora, ya dubi idon Dogo da ya cika da ƙwalla, sai ta koma ciki. Ya ce, "Allah Ya sa mu kai lafiya."

Daga nan aka shiga sauke-sauke. Ƙarfen ɗinkin ba ya zama a sama, dole a rataye shi a gefe, sai jarka ɗaya ta sauka. Ya ce ai in ya isa gonaki akwai tur'a, wato magudanar ruwan ban-ruwa, zai ɗiba a can. Jakar kayan aiki ta sauka domin ƙunshin Gogo. Ya zaro famfo da faci ya cusa a aljihu, ya bar taya, ya bar wayoyi da makullinsu. Buhun sukari da madara bai samu wuri ba sai tsakiyar ƙarfe, tukunyar magani ta koma saman kaya a baya, inda ba ya ganinta, ita da rana ido da ido. Ya rufa mata tsohuwar jallabiya ya ɗaure. Maƙwabta suka tsaya suna yaba gwanintarsa ta ɗaurin kaya, shi kuwa zuciyarsa ta riga ta gaya masa gaskiya.

Ya fita bayan sallar asuba, ya bi hanyar Jabal Auliya keken na lilo a ƙarƙashinsa, sannan ya bar kwalta ya yanki fili ya nufi gabas. Lokacin bazara ne, ƙasar baƙa ce mai tsagewa, babu inuwa sai ta ƙaya. Kowane ɗan lokaci sai ya sauka, ya jingine kayan a ƙugunsa, ya kwance jallabiyar, ya jiƙa buhun, ya sake ɗaurewa. Da ya hau kuma sai ya ji kamar rana na shanye ruwan a bayansa. Da yamma ya kwanta a gindin wata bagaruwa a kan ƙasa tsirara, sauro suka yi bikinsu.

Washegari da hantsi ƙafar baya ta faɗa wani rami. Ya ji waya ta tsinke, ta biyu ta bi ta, sannan ƙafar ta lanƙwashe ta kama ƙarfe. Ya durƙusa yana kallonta. Aikin da yake yi yana hira ne, kafin shayi ya huce ya gama, ga shi wayoyin suna can jingine a tsakar gidansa a Kalakla. Ya taka ƙafar da dunduniya har ta yarda ta juya, amma ba za ta ƙara ɗaukar mutum ba. Ya kama turawa.

Ya isa tur'a ya tarar da ita a bushe, ba a sako ruwa ba tukuna, ƙasanta ya tsattsage. Ya zauna a bakinta ya girgiza jarkar. Tun daga nan ya daina sha, sai dai ya jiƙa leɓe, sauran na buhu ne.

A nan ne hankali ya ba shi shawarar da kowa zai ba shi. Ya kwance ƙarfen ɗinkin da ƙunshin Gogo da buhun sukari, ya tura su ƙarƙashin wata ƙaya, ya mai da tukunyar gurbinta, ya kama hanya. Keken ya yi sauƙi kamar ya tashi sama. Ya yi tafiya har ƙayar ta kusa ɓace masa, sai ya tsaya. Ya ga 'yar Dogo tana fitowa tarye shi. Ya ji ana cewa a Kalakla da kambo, mijin Lauratu ya yar da amana a daji. Ya tsaya a rana yana kokawa da kansa, dattijo mai furfura, yana kuka babu hawaye domin babu ruwan yinsu. Sannan, kaico, ya juya. Ya koma ya sake ɗaure komai yadda yake, tukunyar ta koma sama. Mai jin labarin nan yana da damar jin haushinsa, mai ba da shi ma yana ji.

Ruwan ya ƙare tun kafin rana ta yi tsaka a kashegari. Ya cire jallabiyar jikinsa ya ƙara rufa wa tukunyar, ya ci gaba da turawa. Da ya taɓa buhun sai ya ji shi ƙamas, da zafi kamar burodin da aka fitar yanzu. Bai sake taɓawa ba. Sai can gab da magariba ya faɗa wani ƙauye, aka ba shi ruwa, kafin ya kai bakinsa ya juye wa tukunyar, ta sha tana huci. Mutanen ƙauyen suka ɗauka zafi ya taɓa masa kai.

Ranar da ya shiga kambo yara ne suka fara hango shi, kafin ya kai tsakiyar gari an kewaye shi. Mata na guɗa, ana kwance igiya, kowa na kiran nasa. 'Yar Dogo ta rungume ƙarfen ɗinkinta ta fashe da kuka. Babu saƙon da ya ɓace, ko cokali. Mainasara ya ɗauki tukunyar ya ratsa su, Rahmatu ta ja shi zuwa ɗakin da uwarta ke kwance.

Da ƙyar ya gane Lauratu. Idanunta ne kawai ba su canza ba. Aka kira Jibirin, ma'aikacin lafiyar da ke duba mutanen kambon, ya fito da kwalba ɗaya ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya juya ta. Wani abu fari ya dunƙule ya manne a jikin gilashin. Ya duba ta biyu, ya duba sauran, sannan ya juyo ga Mainasara.

"Ya hajj, zafi ya dafa shi. Ko an yi mata, kamar ruwa ne."

Rahmatu ta toshe baki ta fita. Jibirin ya bi bayanta. A waje ana ta sa wa Mainasara albarka, muryoyin na shigowa ta taga.

Lauratu ta dube shi tun daga tsagaggun leɓɓansa har ƙafafunsa da suka kumbura. Ta saurari hayaniyar waje na ɗan lokaci.

"Baban Rahmatu, sallama ka yi?"

"Na yi."

"Me ka sauke?"

Ya faɗa mata duka, bai rage ba, har da ƙayar da ya bar kayan ya koma. Ya so ta zage shi. Da ta ɗaga murya irin ta da, da ya samu abin riƙewa. Ita kuwa sai ta rufe ido kawai.

"Gobe zan koma," in ji shi. "Zan gyara ƙafar, in tafi babu komai sai ruwa. Zan shiga Omdurman, zan samo."

"Wadda ta ba ka ta ce akwai wani?"

Ya girgiza kai.

"To zauna. Ba na son abin ya zo kana kan hanya." Ta lalubo hannunsa. "Kuma kada ka gaya musu. 'Yar Dogo ba za ta iya taka keken nan ba in ta sani, yaran kuma sai sun ci. Ka gaya wa Jibirin da Rahmatu, ni na ce."

Ya zauna. Jibirin ya aika neman magani duk inda ya sani, ba a samu ba. Mainasara ne ke ba ta ruwa, shi ke yi mata fifita, yana kallo tana nisa a hankali, har ranar da barci ya ɗauke ta bai sake ta ba. An binne ta kafin ruwan farko ya sauka.

Bai koma Kalakla ba. Yana nan a kambo, yana gyara kekunan 'yan ƙwadago a bakin tur'a, ya rage magana, ya rage ci. Mutane sun ɗauka maganin ne ya zo a makare, abin da Allah Ya ƙaddara. Tafiyar tasa kuwa ta zama abin misali. In uba na son koya wa ɗansa riƙon amana, sai ya nuna masa tsohon nan da ya turo keke daga Khartoum cikin yaƙi da ƙishirwa, bai yar da ko allurar ɗinki ta mutane ba. Sau da yawa a gabansa ake faɗa, domin a faranta masa. Yakan ajiye abin da ke hannunsa, ya tashi, ya bi bakin tur'a shi kaɗai har sai sun gama.